Wardi a Bokitin Fenti

Ba ni da gona, ba ni da lambu,
sai baranda mai taku uku a saman bene,
a Dogon Dutse, inda igiyar shanya
ta raba mana sararin sama ni da maƙwabta.

Ngo Kaneng ce ta sayar mini da ita
a bakin titin Rayfield, cikin baƙar leda:
ɗan tsiro tsawon tafin hannu,
ganye biyar, ƙaya bakwai.
Na ce, "Wannan ai tsinke ne."
Ta goge hannu a zane, ta ce,
"Gajeruwa ce, ba ta hawa katanga,
amma ba ta haihuwar ɗaya-ɗaya.
In ta tashi, gungu take yi.
Ka ba ta rana awa shida,
kada ka ci mata ko kwata."

Na huda gindin bokitin fenti da ƙusa mai zafi,
huji tara, don kada ruwa ya kwana.
Tsakuwa a ƙasa, sai gawayi,
sai jar ƙasar bakin kududdufin kuza,
da kashin kaji da ya wata uku yana hucewa.
Rumasa'u ta leƙo daga kicin:
"Da tumatir ka shuka, da mun gani a miya."
Ban tanka ba. Tana da gaskiya.

Darɓa ce ta fara kawo gaisuwa,
kore-kore, ta yi layi a kan toho
kamar masu jiran mota a Terminus.
Na jiƙa darbejiya, na kaɗa ɗan sabulu,
na bi ganye ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

Sai ƙanƙara, wani dare, farkon damina,
tana dukan kwano kamar an juye buhun tsakuwa.
Na fita da singileti, ba takalmi,
na rungumo bokiti zuwa tsakar ɗaki.
Muka kwana mu uku.
Rumasa'u ta juya baya, kafaɗarta na rawa da dariya.

A Agusta ganye ya yi baƙin ɗigo.
A nan na koyi shayar da gindi, a bar kai a bushe,
na koyi tsoma yatsa a ƙasa kafin in ɗauki buta.

Yankan ne ya fi mini ciwo.
Ni tela ne, na san ba a ɗinki sai an yanka,
amma yadi ba ya tsiro.
Na wanke almakashi, na yi bisimilla,
na datse a karkace, sama da idon da ke kallon waje.
Kwana goma ina kallon kututture uku
kamar wanda ya ɓata shaddar mutane.

Ran wata Laraba, ina ɗaura agogo,
na ga reshe ɗaya ya goya bakwai.
Suka buɗe ba tare ba, kowa da ranarsa,
launin cikin gwanda nunanniya,
ƙamshi kaɗan, sai ka sunkuya,
kamar maganar mai kunya.
Kafin sati na ƙirga sha tara.

Malam Bitrus na ƙasa, mai ƙorafin ɗigar ruwa,
ya hawo jiya da gwangwanin madara:
"Ko reshe ɗaya, maƙwabci."
Waɗanda suka yi yaushi kuwa, ina cirewa,
wani hannu na kwashewa.
Na same su a ƙasan akwatin Rumasa'u,
tsakanin atamfofi. Ban tanka ba.

Kuɗin haya zai ƙare a Janairu,
mai gida ya ce zai ƙara.
In tashi ya kama, keken ɗinki a gaba,
katifa a sama, tukwane a buhu,
ni kuma a baya, lambuna a kan cinya,
ƙaya na taɓa mini haɓa
duk inda mota ta faɗa rami.